Yadda za ki kula da jininki da ƙashinki bayan tiyatar rage ƙiba

Wata yayata da ke Aboabo a Kumasi ta je waje aka yi mata tiyatar rage ƙiba, ta dawo lafiya, muka yi ta zuwa barka. Wata tara tana shan magungunan da ta zo da su. Da kwalaben suka ƙare, ga jiki ya yi sakayau, ga ciwon gwiwa ya tafi, sai ta ga babu dalilin sayen wasu. Bayan kamar shekara biyu ta fara haki in ta hau bene, tafin ƙafarta yana yi mata kamar ana tsira allura. Sau biyu tana shan maganin zazzaɓin cizon sauro kafin wata nas ta tambaye ta: "Hajiya, an taɓa yi miki aiki a ciki?" Ashe jini ne ya yi ƙasa, bitamin B12 ya ƙare. Da yake mata sun fi yawa cikin masu yin wannan aiki, da ke nake magana, amma namiji ma ya karanta.

Da farko, ki san wane aiki aka yi miki, ki adana takardar. A wanda ake kira silib, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar. A baifas kuwa, ana barin 'yar ƙaramar jaka a haɗa ta da hanji can gaba, abinci ya tsallake farkon ƙaramin hanji, alhali a nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ayon mai gina jini da kalshiyam mai gina ƙashi. A duka biyun ruwan tsamin ciki yana raguwa, haka ma wani sinadari da tumbi ke fitarwa wanda B12 ba ya shiga jini sosai sai da shi. Don haka ko kin ci abinci mai kyau, ba duka jiki zai amfana da shi ba, kuma wannan ba ya gyaruwa da daɗewa. Maganin na har abada ne.

Na biyu, ki jera magungunan a cikin yini, kada ki watsa su baki lokaci guda. Abin da likitocin wannan fanni suka saba rubutawa shi ne haɗaɗɗen bitamin mai ɗauke da ayon, folik asid, zink da kofa (sinadarin jan ƙarfe) a kullum. Kalshiyam miligiram 1,200 zuwa 1,500 a yini. Bitamin D ma'aunin IU 3,000. Sai ayon miligiram 45 zuwa 60 ga mai jinin al'ada ko wadda aka yi wa baifas. Likitanki zai ƙara ko ya rage gwargwadon gwajinki. Inda aka fi yin kuskure shi ne haɗa ayon da kalshiyam, don ɗayan yana tare wa ɗayan hanya. Ki bar aƙalla awa 2 a tsakaninsu. Kalshiyam ɗin ma a raba shi kashi biyu ko uku, domin jiki ba ya ɗaukar fiye da miligiram 500 zuwa 600 a zama ɗaya. Ni dabarar da na ga ta yi wa yayata aiki ita ce ɗaura kowane magani a kan salla: haɗaɗɗen bitamin da ayon bayan asuba, kalshiyam da azahar, da magariba, da lokacin kwanciya. In za ki saya, ki nemi kalshiyam sitiret, wanda ba ya buƙatar ruwan tsamin ciki kafin ya narke. Kalshiyam kabonet ya fi araha, ya kuma fi cika shaguna, amma yana son tsamin da ya ragu a cikinki yanzu. Ki duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikin kwalin.

Ruwan tonik na ƙarin jini da ake tallarsa a tasha da rediyo ba zai maye gurbin waɗannan ba. Da yawansu sukari ne ya cika su, kuma ga mai baifas sukari mai yawa yana jawo jiri, gumi, faɗuwar gaba da gudawa. Mai sikila kuma kada ta taɓa ƙarin ayon sai an auna jininta, don yana iya yi mata yawa.

Na uku, B12. Ana iya shan maikirogiram 350 zuwa 1,000 kullum, ko a yi allura, wani nau'in duk wata, wani duk wata 3. Wannan shi ne mai yaudara: hanta tana ajiye shi na shekaru, sai ki bar shi ki ga ba abin da ya same ki. Ranar da rumbun ya ƙare, jijiyoyi ne ke fara ji, kuma in aka daɗe ba a kula ba, lahanin ba lalle ya warke duka ba. Ki rubuta ranar allura a kalanda ko a waya.

Na huɗu, kada ki yi wasa da amai. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta sati 2 zuwa 3. Idan kina amai kwana da kwanaki abinci ba ya zama, ki tafi asibiti. Idan kuma aka ƙara da ruɗewa, gani biyu-biyu ko tangaɗi wajen tafiya, wannan na gaggawa ne, a wuce da ke asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa a daren, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Duk wanda ya raka ki ya faɗa da bakinsa cewa an yi miki tiyatar tumbi, a ba ki B1 kafin ko tare da ƙarin ruwa mai sukari, domin sukarin shi kaɗai yana iya tsananta abin.

Na biyar, faranti. Cikinki yanzu ɗan kofi ne, abin da ya fara shiga shi ke cin wuri. Ki fara da furotin, aƙalla giram 60 a yini: ƙwai, kifi, kaza, wagashi, wake, nono marar sukari. In an zuba wake da shinkafa, ki tsinci ƙwan da kifin da waken tukuna. In tuwon zafi ne, ki ci naman da miyar ayoyo, tuwon loma biyu ya isa. Zogale, alayyafo da kontomire suna taimakawa, amma ba su kai ƙwayar magani ba. Shayi da ataya suna hana ayon shiga jini, ki nisanta su da lokacin shansa. Lemun zaƙi kuwa yana taimaka masa. Gashi yakan zube tsakanin wata na 3 da na 6, yawanci yana dawowa. In ya wuce shekara yana zuba, a duba ayon, zink da furotin.

Na shida, gwajin jini: wata na 3, na 6, na 12, daga nan duk shekara. Kada ki tsaya a awon yawan jini kawai, don yana iya nuna lafiya alhali ajiyar ayon ta kusa ƙarewa. Ki roƙi a auna feritin (shi ke nuna ajiyar ayon), B12, folet, bitamin D da kalshiyam. Wadda aka yi wa aiki a Turkiyya ko Indiya ta nemi likita ɗaya a gida da zai riƙe fayil ɗinta, tare da masanin abinci. Ki gaya wa duk mai ba ki maganin ciwon jiki cewa an yi miki aikin, domin ibuprofen da diclofenac suna iya jawo gyambon ciki.

Sauran biyu kuma sai an zauna da likita tun kafin lokacinsu. Ɗaukar ciki: ana so a jira wata 12 zuwa 18 bayan aikin, a fara ƙarin folik asid kafin a ɗauka, a kuma duba nau'in bitamin A da ke cikin haɗin da kike sha. Azumi: a shekarar farko likitoci sukan ce a dakata, don ƙaramin tumbi ba zai ɗauki ruwa da abincin yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba, ki ji ta bakin likita, ki kai wa malaminku. Idan daga baya an ba ki dama, ayon da haɗaɗɗen bitamin su koma sahur, kalshiyam a raba shi tsakanin buɗa-baki da bayan asham.