Kafin ka zuba kuɗi a keken Ironman, ga abin da ya kamata ka sani a nan Legas

Tunda na fara sa hotunan fitarmu ta asuba a WhatsApp 'yan'uwa suke ta tambayata, wasu daga Agege wasu daga Idi-Araba, kuma tambayar kusan guda ce kullum, wai wane keke zan saya in shiga wannan gasar da ake haɗa iyo da keke da gudu. Toh bari in zauna in amsa gaba ɗaya, dan gaskiya abin yana damuna in ga mutum ya kwashe jarinsa ya sayi keken da ba zai iya zama a kai awa biyu ba.

Da farko ka san girman aikin. Cikakkiyar Ironman iyo ne na kilomita 3.8, ka fito daga ruwa ka hau keke kilomita 180, ka sauka ka yi gudun fanfalaki kilomita 42.2, duk a rana ɗaya, kuma yawanci awa 17 ake ba ka. A Hawai aka faro ta a 1978. Akwai rabinta da ake ce ma 70.3, wato iyo 1.9, keke 90, gudu 21.1, ni kuma shawarata kar kowa ya tsallake wannan rabin ya ce sai babbar. Mu nan Afirka babbar da aka fi sani ita ce ta Nelson Mandela Bay a Afirka ta Kudu, a garin Gqeberha da ake ce ma Port Elizabeth a da, sannan an fara ta 70.3 a Rubavu ta ƙasar Ruwanda a 2022. Kaga kenan in zaka yi babbar tafiya ce zata kama ka, da biza da kuɗin jirgi da kuɗin rajista, shi yasa ba daidai bane duk kuɗinka su ƙare a keke.

Kuma ka lissafa da kanka, in kana tafiyar kilomita 30 a awa, awa 6 zaka yi a kan sirdi, in 25 ne ya wuce awa 7. Mafi yawan ranarka a kan keken nan zata ƙare, sannan in ka sauka ba hutu zaka yi ba, gudu ne yake jiranka. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo asali: keken da kake nema shi ne wanda zai sauke ka da sauran ƙafa.

Keke iri biyu ne ake muhawara a kai. Akwai keken titi mai lanƙwasasshen kai, irin na masu tsere, akwai kuma wanda aka ƙera musamman dan wannan gasa, mai sanduna biyu a gaba da zaka kwantar da gwiwar hannu a kai iska ta riƙa wucewa. Na biyun ya fi sauri a miƙaƙƙiyar hanya, ba musu, amma a mafi yawansu wajen canza giya yana ƙarshen sandunan nan, birki kuma yana can gefe, wato in kana kwance hannunka ba ya kan birki. Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo shi titin Legas inda danfo zai tsaya a gabanka ba sigina, ɗan acaba ya fito ta hannun da ba nasa ba, ga rami ga kwalbati a buɗe, wallahi ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba. Ka sayi keken titi, in ka saba da shi sai ka sayi sandunan daban ka ɗaura, suna da araha in ka kwatanta da sabon keke, kuma mutane da yawa da haka suke gama Ironman lafiya lau.

Firam, wato gangar jikin keken, na alminiyom ya wadatar. Kabon ya fi sauƙin nauyi amma in tokumbo zaka saya, kamar yadda yawancinmu muke yi tunda dala ta yi tsada, kabon yana iya tsagewa ta ciki fenti ya rufe, baka sani ba sai ranar da ya ba ka kunya. Ka je da wanda ya san keke, ku duba firam ɗin da rana ba cikin shago mai duhu ba, wajen da bututun sirdi yake shiga, ƙasan feda, da cokalin gaba mai riƙe tayar gaba. Ka juya tayoyi ka ga ko rim ya karkace, ka duba haƙoran giya ko sun cinye sun yi tsini. Kayan giya in ka samu na kamfanin Shimano samfurin 105 ka gode Allah, samfurinsu na Tiagra ma yana aiki, kuma kayan gyaran Shimano sun fi sauƙin samu a nan.

Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne sayis. Ni na taɓa sayen keke a hannun wani dillali da ya rantse min daidai ni ne, ashe ya fi ƙarfina da lamba biyu, wata uku ina fama da ciwon wuya da ƙugu, yatsuna suna mutuwa in na wuce awa ɗaya, daga ƙarshe da asara na sayar. Araha bata ado. Kowane kamfani yana da jadawalin tsawo a intanet, ka auna tsawonka da tsawon ƙafarka ta ciki kafin ka je. Tsayin sirdi kuma ga hanya mai sauƙi: ka zauna, ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, in ka mayar da tafin gaba kan fedar zaka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe, toh nan ne. In gaban gwiwa yana ciwo galibi sirdi ya yi ƙasa, in baya ne ya yi sama. Ka riƙa gyarawa kaɗan kaɗan, milimita biyu uku, ba ka ɗaga shi da yawa lokaci ɗaya ba. In ka samu wanda ya iya auna mutum a kan keke da gaske, ka biya shi, wannan kuɗin ya fi na tayoyin kabon amfani nesa ba kusa ba.

Sirdi shi ma sai an dace, wanda ya yi wa abokinka daɗi kai zai iya hana ka zama. Mai laushi sosai kamar katifa ba shi ne mai kyau ba a doguwar tafiya. In zaka riƙa kwanciya a sanduna nemi mai gajeren baki ko mai tsaga a tsakiya, kuma in gabanka yana mutuwa kar ka yi shiru dan kunya, canza sirdin. Wandon keke mai soso a ciki dole ne, ba a sa gajeren wando a ƙarƙashinsa, kuma a zafin Legas ka wanke shi duk fita in ba haka ba maruru zai fito maka a inda zai hana ka hawa sati biyu. Na san da yawanmu matsewar wandon ce take hana su, ni ma ta dame ni, abin da nake yi shi ne in sa mai tsawo da ya wuce gwiwa in ɗora wani mara nauyi a sama, kuma 'yan'uwa mata akwai dogayen riguna da hijabin wasanni da suke shiga ƙarƙashin hular kwano ba matsala.

Hular kwano sabuwa zaka saya, ban yarda da ta gwanjo ba dan baka san ko ta taɓa buguwa ba. A gasar ma sai ka ɗaure ta kafin ka taɓa kekenka. Fitila ta gaba da ja ta baya masu caji, da riga mai haske, tunda da duhu zamu fita.

Taya ka sa mai faɗin milimita 28, in firam ya yarda ma 30 ko 32 dan atisaye, kuma kar ka bari a cika ta ta yi tauri kamar dutse, a kan gargada hakan gajiyar da kai yake yi kuma baya ƙara sauri. Ga wani abu da ba a gaya wa sababbi: mai facin bakin titi bashi da tif ɗin kekenka, kuma bakin famfonsa baya shiga siririn bawul ɗinmu sai da ɗan adafta. Dan haka tif biyu, ƙaramin famfo, abin ɓanɓare taya, makullan alanki da adaftan nan su zauna a jakar ƙarƙashin sirdi kullum. Ka zauna a gida ka cire taya ka mayar sau goma har hannunka ya saba, dan ranar gasa kai zaka yi facinka. Sannan iskar teku da damshin garin nan suna cin sarƙa da tsatsa da sauri, musamman in kana wajen Lekki ko Apapa, ka goge ta ka sa mata man sarƙa duk sati, ba baƙin man inji ba.

Takalmi mai maƙalewa a feda yana da amfani amma ka koyi cire ƙafa a cikin gida kana riƙe da bango kafin ka shiga titi. Agogon Garmin ko makamancinsa mai auna bugun zuciya ya isa, na'urar auna ƙarfin taka feda in da hali ne kawai.

Abu ɗaya da zan ce ka saya ko da zaka rage kuɗin keken shi ne tirena, wato ƙarfen da ake kafa keke a kai a ɗaki. A Legas ranar aiki ba hanyar da zaka samu ka yi awa ɗaya kana taka feda ba tsayawa, ga ruwan sama daga Afrilu zuwa Yuli da zai cika titi ya ɓoye ramuka. Masu haɗawa da Zwift, manhajar da ake tuƙa keke a allo tare da wasu ta intanet, suna da daɗi amma suna son wuta da data, na gargajiyar baya buƙatar NEPA, sai dai ka tanadi fanka mai caji da tawul dan gumin da zaka yi a ɗaki ba kaɗan bane, kuma gumin yana cin ƙarfen keke.

Yanzu atisayen. Kafin komai je asibiti a duba hawan jini da zuciya, kuma ka san jinsin jininka, mai AS sai ya ƙara kula da zafi da ƙishirwa, ya gaya wa likita abin da zai shiga. In zazzaɓi ya kama ka ka ajiye keke har ka warke.

Wanda ya riga yana motsa jiki ya ba kansa wata shida zuwa tara. Hawa uku a sati: biyu gajeru a tirena, awa ɗaya ko ɗaya da rabi, a ɗayansu ka sa ƙarfi na minti goma ka sassauta minti biyar sau uku ko huɗu, sai doguwar fita ranar Asabar ko Lahadi. Lahadi ta fi, titi ya fi sarari. Ana idar da sallar asuba a fita, dan in ƙarfe tara ta yi rana da motoci sun farka. Masu keke da yawa hanyar Lekki zuwa Epe suke bi, amma daga wajen Eleko tireloli da tifofi sun yi yawa, kar ka je kai kaɗai, ku tafi a ƙungiya, in da hali mota ta biyo ku a baya. Gadar Third Mainland kuma ni bana hawanta da keke.

Doguwar fitar ka fara da awa biyu, kana ƙara minti ashirin ko talatin, sati uku kana ƙarawa na huɗu ka rage jiki ya huta, har ka kai awa biyar zuwa shida sau biyu ko uku kafin gasa. Kuma a hankali ake yinta, yadda zaka iya hira da na kusa da kai, ƙafa tana juyawa kamar sau 85 zuwa 90 a minti ba kana danna giya mai nauyi ba. Nan ne matasanmu suke kuskure, kowace fita sai ta zama tsere dan a gani a Strava, manhajar da ake nuna atisaye a kai, wata biyu gwiwa ta tashi. Ka kuma riƙa ware wani sashe kana gaba ko ka ja baya kai kaɗai, saboda a Ironman an hana laɓewa bayan wani dan ya kare maka iska, mita 12 ake so tsakaninku in ba wucewa zaka yi ba, wanda ya saba da inuwar ƙungiya ranar zai sha iska shi kaɗai. Legas shimfiɗe take, Port Elizabeth kuma an santa da iska, Ruwanda tuddai ne, dan haka ka riƙa ɗaure tirena ta yi nauyi kana koyon hawa, kuma ka sa giyar baya mai haƙora har 32 ko 34.

Kana sauka daga doguwar fita ka sa takalmin gudu ka yi minti ashirin ko talatin nan take. Ranar farko ƙafar zata yi kamar ba taka ba, da sannu take sabawa, kuma wannan gudun ne zai gaya maka gaskiya ko ka wuce gona da iri a kan keke.

Ci da sha ma atisaye ne. Ana so ka riƙa samun kamar giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari ko sitaci duk awa, kuma cikinka sai ya koya. Ba sai ka sayi jel mai tsada kullum ba, dabino da ayaba da burodi da zuma suna aiki, ka sa ƙararrawa duk minti ashirin ka ci wani abu tun kafin yunwa ta zo. Gora biyu a keke, ɗaya ruwa ɗaya mai gishiri da sukari, dan a damshin nan gishirin jiki yana zuba sosai, zaka ga fari a rigarka. Ka auna nauyinka kafin fita da bayan dawowa ka ga nawa ka zubar. Amma ka bincika abin da za a raba a gasar ka gwada shi tun a gida. Azumi in ya faɗo cikin shirinka ka rage, ka koma tirena bayan tarawi ko gajeren hawa dab da shan ruwa, doguwar fita ta jira bayan sallah. Maganar sallolin ranar gasa kuma ka zauna da malaminka tun da wuri ku tsara, tunda kana matafiyi.

Sati biyu zuwa uku na ƙarshe rage tsawon atisaye ake yi, kar tsoro ya sa ka ƙara. A lokacin ne zaka kai keke a duba birki da wayoyin giya da sarƙa, ka sa sababbin tayoyi ka hau su sau biyu uku. Ka nemi akwatin keke ko aro ne, ka tambayi kamfanin jirgin kuɗin ɗaukarsa kafin ka yanki tikiti, kuma kafin ka kwance sirdi da kan keken ka naɗa salatif a daidai inda suke dan ka mayar da su yadda ka saba. Takalmin keke da feda da wandonka kuma ka sa su a jakar hannu.