Yadda Ake Tara Gudummawar Shekara-Shekara Ga Makarantar Al'umma A Legas

Shekarar da na fara zama a kwamitin makarantar unguwarmu a Agege, rufin aji biyu ya fara yoyo, sai muka yi abin da kowa ya saba: muka shirya ƙaddamarwa. Muka ɗauko hayar rumfuna da kujeru, muka buga katin gayyata, mata suka kwana suna girki. Babban mai ƙaddamarwa ya miƙe ya ambaci kuɗin da ya sa wuri ya ɗauki kabbara. Har damina ta zo ta wuce muna zarya ofishinsa, kullum amsar ɗaya ce, Alhaji ya yi tafiya. Abin da ya shigo hannu a ranar da ƙyar ya biya rumfa da abinci, yara kuwa suna ta jan benci gefe duk sanda hadari ya haɗo. Kuɗin da ya rufe azuzuwan nan daga baya, daga aljihun iyaye ya fito, dubu ɗai-ɗai, dubu bibbiyu. Tun daga lokacin na sakankance cewa asusun makaranta da masu ba da kaɗan a kai a kai ake gina shi. Ga yadda muke yi yanzu.

Ku fara da raba asusun da aljihun mai makaranta

Wannan shi ne tushe. Da yawa daga makarantun kuɗi a Legas mallakin mutum ɗaya ne ko iyali ɗaya, kuma duk uban da ka tunkara da maganar gudummawa yana da tambaya a ransa ko bai furta ba: na biya kuɗin makaranta, don me zan ƙara wa mai makaranta jari? Tambayarsa tana kan hanya. Amsarta kuwa ba ta baki ba ce, sai dai ya ga kuɗin ba ya bi ta hannun mai makarantar.

Ku kafa kwamitin amintattu na mutum biyar ko bakwai: wakilin iyaye maza, wakiliyar iyaye mata, malami ɗaya, tsohon ɗalibi, da dattijon da unguwa ta shaida da riƙon amana. Ku yi masa rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi rajistar amintattu ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, kuma da wannan takardar ce banki zai buɗe muku asusu da sunan gidauniyar. A sa mutum uku a kan asusun, kada a cire ko sisi sai biyu sun sa hannu. Kada ku yarda a ce a riƙa turawa ta asusun wani kafin a gama rajista. Ko da waliyyi ne, ranar da lissafi ya saɓa da naira dubu biyar, sunansa ne zai ɓaci a masallaci da kasuwa. Ku kuma tabbatar makarantar kanta tana da amincewar gwamnatin Jihar Legas, don babu mai son zuba kuɗinsa a ginin da za a iya garƙamewa gobe.

Ku zaɓi buƙata ɗaya, ku sa mata farashi

"Ku taimaka wa makaranta" ba ya motsa kowa. Ku ce rufin aji biyu, ko rijiyar burtsatse, ko kuɗin jarrabawar WAEC na marayu takwas. Ku kira kafinta ko birkila ya rubuto ƙiyasi, ku nemo na wani ku gwada. Sannan ku ɗora wani abu a kai saboda tashin kaya. Duk wanda ya sayi siminti ko kwanon rufi tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san ƙiyasin wata uku baya ba ya tsayawa inda aka bar shi.

Ku rubuta sunayen mutanenku, ku raba musu masu zuwa

A nan aikin yake, a nan kuma kwamitoci suka fi ragwanci. Ku zauna da littafi ku rubuta kowa: iyayen yara, tsofaffin ɗalibai, 'yan gwari na kasuwar Mile 12, mahautan Oko-Oba, 'yan canji, masu tireloli da ke lodi a Apapa, matan da ke sayar da abinci a bakin titi. Gaban kowane suna a rubuta wanda zai je wurinsa, kuma ya zama mutumin da yake jin nauyinsa. Ɗan kasuwar gwari ɗan uwansa ɗan gwari ne zai same shi, bayan an gama sauke kwanduna, ba da sassafe yana tsakiyar ciniki ba. Hajiya kuwa mace 'yar uwarta ce za ta shiga har ɗaki ta yi mata bayani.

Idan kun je, ku faɗi adadi. Misali: "Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Aji biyu ne ke yoyo, ga takardar kafinta. Muna roƙon ka ɗauki bandir ɗaya na kwano." Mutum ya fi saurin amsa abin da yake iya hangowa da idonsa.

Ga iyaye, tsarin adashe ya fi dacewa da su, don sun san shi. A ce gida 150 suka yarda da naira dubu ɗaya duk wata har wata goma, an sami miliyan ɗaya da rabi ba tare da an kafa rumfa ko ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika. Amma fa kada a mayar da shi haraji. Akwai iyayen da tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022 ba su gama farfaɗowa ba, kuɗin zango ma da ƙyar suke haɗawa. Irin waɗannan a karɓi ɗari biyunsu da hannu biyu, wanda ba shi da shi kuma kada ɗansa ya ji a jikinsa. Haka nan ban yarda a jera marayu gaban taro ana nuna su don a tausaya ba. Yaron zai girma, kuma ba zai manta ranar ba.

Kafin ku fara yawo, ku kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawan yankinku da wurin limamin Juma'a, su ji daga bakinku. Takardar neman gudummawar kuma a yi ta da Hausa da Yarbanci da Turanci, tunda a yawancin makarantunmu akwai 'ya'yan maƙwabta Yarabawa, kuma iyayensu suna bayarwa idan an mutunta su an tambaye su.

Ku lura da lokaci

Kada ku buɗe baki a makon farko na zango, musamman na Satumba, lokacin da uba ke fama da kuɗin makaranta da littattafai da yunifom. Kada kuma ku matsa gab da Babbar Sallah, hankali ya koma kan rago da kuɗin motar zuwa gida. Azumi ne lokacin da hannu ya fi sakuwa, sai dai yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka a duba kalandar Musulunci tun farkon shekarar karatu. Idan aikin rufi ne, a gama shi kafin ruwan Legas ya kankama a watan Yuni.

Zakka daban, sadaka daban

A azumi mutane za su kawo zakka, to a yi hattara. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na waɗanda ake ba zakka, kuma mafi rinjayen malamai ba su yarda a gina aji ko a sayi janareta da ita ba. Ku tambayi mai bayarwa tun a wurin: wannan zakka ce ko sadaka? Idan zakka ce, a rubuta ta a shafi daban, a miƙa ta ga iyaye mabuƙata ko masu riƙon marayu bisa shawarar limaminku. Gini da rijiya kuwa da sadaka da waƙafi ake yin su. Mai zakka ya ba ku amanar farillarsa ne, bai kamata ku cakuɗa masa ita da kuɗin siminti ba.

Rasit ga kowa, a ranar

Ko naira ɗari biyar ce, a yanka rasit mai lamba. Wanda ya yi tiransifa, ma'aji ya duba asusun da kansa kafin ya rubuta, domin hoton alat da ake turowa a WhatsApp ba shaida ba ce, ana yin na bogi. Alkawari kuma shafinsa daban, ba ya shiga jimilla sai ya zama kuɗi. Godiya kada ta wuce kwana biyu, kuma kiran waya daga shugaban makaranta ya fi saƙon da aka tura wa mutum ɗari lokaci guda. Wanda ya ce a sakaya sunansa, a sakaya.

Ku dawo ku ba da lissafi

A ƙarshen zango na uku, ku kira taron iyaye da malamai, ku gayyato duk wanda ya ba da wani abu. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo, abin da aka kashe, da abin da ya rage, a manna takardar banki da rasit ɗin masu kaya a allon sanarwa. Idan aikin bai kammalu ba, ku faɗi inda aka tsaya da dalili, ba tare da kwana-kwana ba. Daga nan a zagaya da mutane su ga aikin.

A namu taron, wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, wadda ta riƙa kawo ɗari biyar duk ranar Juma'a a ƙulle a bakin zane, ta shiga ajin jikanta ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sabon rufin. Da ta fito sai ta ja ma'aji gefe ta ce, "Ɗan nan, baɗi me za a yi?" Ya ce mata banɗakin 'yan mata. Ta ce ya rubuta sunanta tun yanzu.