Yadda Ake Kallon Fim ɗin Jamus da Idon Tela

Shekara 19 ke nan ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi. Mai wannan sana'a kullum tef na wuyansa, kuma kafin mutum ya buɗe baki kafaɗarsa ta riga ta gaya maka ko ango ne, ko wanda bashi ya danne. Da wannan idon na koyi kallon finafinan Jamus, shi kuma nake so in ara maka.

Ƙanena ne ya dawo da su a filashi bayan ya gama karatu a can. Da farko ban ji daɗinsu ba, domin idona na kan fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan allo, ga maganar kaɗan ce, ga shiru mai tsawo. Sai wata rana sifikar kwamfutar ta lalace, na zauna na kalli ɗaya haka nan ba sauti. A ranar na gane cewa mutanen nan a jiki suke ajiye labarinsu: a tsayuwa, a tafiya, a tazarar da ke tsakanin mutum biyu a kan benci.

Kafin komai, kalli fim ɗin kai kaɗai. Al'adarsu ba tamu ba ce, akwai wuraren da ake nuna tsiraici ko sumbata. Rubuta mintin da suke a takarda, don ka tsallake su ranar da za ka kalla da iyali ko abokai. Kada ka yi sakaci da wannan.

Sannan kowane fim ka ba shi kallo biyu. Na farko da sauti da fassara, don ka san wane ne wane. Na biyu ka kashe sautin gaba ɗaya, ka bar fassarar ta yi ta gudunta, kai dai ka bi jiki.

Fara da Angst essen Seele auf na Rainer Werner Fassbinder, wanda ya fito a 1974. Ma'anar sunan ita ce tsoro na cinye rai, kuma da gangan aka rubuta shi da karyayyen Jamusanci irin na baƙo. Ka riƙe ɗan tarihin nan kafin ka kunna: Jamus ta Yamma ta rasa ma'aikata bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko su da Turkiyya a 1961, da Maroko a 1963, ta rufe ƙofar a 1973. Sunan da suka ba su ma'aikata baƙi, wato baƙo raɓa ne, ana jiran ya yi aikinsa ya tafi. Jarumin ɗan Maroko ne a birnin Munich, yana da dogon suna irin namu, amma kowa Ali yake kiransa don sauƙin bakinsu. Ya auri Emmi, dattijuwa mai aikin shara da goge-goge wadda mijinta ya rasu, ta girme shi da shekaru da yawa.

A kallo na biyu ga abin da za ka sa wa ido. Dubi yadda kyamara take ɗaukar su daga nesa, ta cikin ƙofa ko ta tsakanin ƙarafan matakala, kamar maƙwabci mai leƙe. Dubi wurin da suka zauna su biyu a tsakiyar kujeru rawaya da babu kowa a kansu, mutane sun taru can gefe sun ƙura musu ido ba ƙiftawa. Dubi ɗan Emmi da ya ji labarin auren, bai iya cewa komai ba sai ya sa ƙafa ya fasa talabijin. Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan mutane sun fara sakin fuska. Emmi ta kira ƙawayenta su taɓa damtsen Ali, suna lallatsawa suna yaba ƙarfinsa, yadda ake tattaɓa rago a kasuwa ana gab da Layya. Tsayar da fim ɗin a nan ka kalli wuyansa da idonsa. Matar da ta sha wulaƙanci saboda shi ce ta yi masa wannan, kuma ba da mugun nufi ba. Daga ƙarshe gyambon ciki ya kayar da shi, likita ya ce abin ya yi yawa ga ma'aikata baƙi saboda damuwa. Abin da bakinsa bai faɗa ba, cikinsa ya faɗa.

Na san irin wannan aure a unguwarmu ta Jahun. Saurayi ya auri bazawara da ta girme shi, aka yi ta cewa kuɗinta yake so. Dukkanmu mun karanta cewa Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ta girmi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma harshe bai bar su sun sarara ba. Ni na ɗinka masa kayan angonci, na kuma ga yadda awon ƙugunsa ya ragu cikin shekara ɗaya.

Bayan wannan sai Phoenix na Christian Petzold, na 2014. Berlin ce a 1945. Nelly mawaƙiya ce Bayahudiya da ta tsira daga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan gilla, da raunin harsashi a fuska, likita ya gyara fuskar amma ba ta koma yadda take ba. Ta nemo mijinta Johnny, bai gane ta ba. Ya ce dai tana kama da matarsa da ta mutu, ta zo ya koya mata zama ita don su karɓi gadonta su raba. A nan ka bi tafiyar Nina Hoss, wadda ta fito a Nelly: da farko a ɗarare, kafaɗa a tattare, kai a ƙasa. Ka lura da ranar da ta sa jar riga da takalmin da aka sayo a Faris. A matsayina na tela na ga rigar ta zauna mata daidai, amma mijin kayan yake aunawa, ba matar da ke ciki ba. Ba zan ɓata maka ƙarshen ba. Idan ta fara waƙa yana kaɗa fiyano, ka kalli hannunta, sannan ka kalli nasa.

Na uku shi ne Jenseits der Stille na Caroline Link, na 1996, wanda ya shiga takarar Oska, babbar kyautar finafinai ta Amurka. Lara yarinya ce mai ji, iyayenta duka kurame, ita ce tafintarsu a banki da gaban malamar makaranta. Goggonta ta ba ta wata irin sarewa ta Turawa, kilarinet, ta kamu da son busa, abin da mahaifinta ba zai taɓa ji ba. Waɗanda suka fito a iyayen, Howie Seago da Emmanuelle Laborit, kurame ne na gaske. Wannan kam kada ka kalle shi a waya, nemi allo mai faɗi, domin rabin zancen a yatsu da gira yake.

In da hali, kalle shi da wanda abin ya shafa. Akwai yaron shagona, kurma ne, shekararsa huɗu a wurina, hannunsa a aikin wuyan kaftani ya fi nawa. Mun kalla tare wani dare bayan Isha'i, da janareton maƙwabci. Maganar hannun Jamusawa daban take da tamu, kuma ba ya karanta Turanci, amma tun kafin fassara ta fito yake taɓa ni ya nuna uban ya yi fushi, ko kuwa tsoro yake ji 'yarsa za ta tafi inda ba zai iya bin ta ba. A wurin da uban ya zo Berlin ya tsaya yana kallonta za ta yi busar jarrabawa, yaron ya miƙa hannu ya tsayar da fim ɗin da kansa. Ya nuna mini cewa mahaifinsa bai taɓa koyon maganar hannu ba, ko kalma goma. Muka daɗe zaune, shayin ya huce, sannan ya danna ya ci gaba.