Legas zuwa Jidda: Inda Lissafin Matafiya Ke Kwacewa

Daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, tazarar wajen kilomita 4,200 ce in an ja layi a miƙe. Jirgin da ba ya tsayawa ko'ina kan ci ta a awa shida ko kusa da haka. Sai dai ba kasafai tafiyar ke tsayawa a awa shidan nan ba.

Babban kuskure a agogo yake. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da za a tashi ne da na garin da za a sauka, kowanne da nasa. Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu. In tikiti ya ce tashi ƙarfe 1 na rana, sauka 9 na dare, awa shida ke nan a sama, ba takwas ba. A dawowa lissafin ya juye: tashi 10 na safe, sauka 2 na rana, sai ka ga kamar awa huɗu. Masu zuwa taryen Alhaji daga Agege ko Idi-Araba su riƙe lokacin sauka kawai, domin shi ne na Legas. Haka kuma tikitin da ya ce 12:30 na dare ranar Talata, ranar Litinin da dare ake barin gida. Wannan ya sa mutane da dama asarar kujera.

Layin taswira ma ba shi jirgi ke bi ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye.

Sai tikitin araha mai ya da zango a Adis Ababa ko Alƙahira. Legas zuwa Adis wajen awa biyar ne, daga can zuwa Jidda biyu da rabi, amma zaman jira tsakani na iya fin tafiyar kanta. Ka sa ejan ya nuna maka jimillar lokacin kafin ka biya, musamman in da tsoho ko mai goyo a tafiyar. A ganina rangwamen bai kai kwana kan benci ba.

Mai Umara kuma, kada ya kuskura ya cusa haraminsa cikin babbar jakar da aka auna ta shige cikin jirgi. Ana wuce saitin miƙati tun kafin a sauka Jidda, kuma awa biyun Alƙahira zuwa Jidda ba ta da yawa, ga layin banɗaki. Gara a ɗaura tun a zango.

Ga kuma Legas ita kanta. Ana son ka isa awa uku kafin tashi, cunkoson Oshodi ba ya duba tikiti, kuma tashar jiragen cikin gida daban take da ta ƙasashen waje. Ka gaya wa direba wacce za ka tun kafin ya tayar da mota.