Yadda za ka zaɓi harsashin raifil guda ɗaya da zai ishe ka farauta

Duk shekara idan kaka ta shigo nan jihar Pensilvaniya, ganyaye suka fara ja, sai ƙannenmu da suka zo karatu ko aiki su fara kira na: "Yaya, bana ina so in bi ka daji, wace bindiga zan saya?" Tambayar a juye take zuwa. Harsashi ake fara zaɓa, bindiga ta biyo baya, domin kowace raifil iri ɗaya tak aka ƙera ta ta ci, kuma da shi za ka zauna har ranar da ka rabu da ita. Yawancin masu kiran kuwa sun riga sun sha kallon bidiyo, sun ƙudura a ransu magnum za su saya, wato mai harsashin da ya fi na yau da kullum albarushi da ƙarfi. Saboda su nake wannan rubutu.

Maganar raifil mai sakata nake yi, ta farauta, a ƙasar da doka ta yarje maka. A gida Najeriya raifil ba abin da farar hula zai shiga kanti ya ɗauko ba ne, maharbanmu da bindigar toka da mai baki biyu suka saba. A nan Amurka ma, mai bizar karatu ko ta aiki doka ta hana shi riƙe bindiga sai ya shiga cikin waɗanda aka keɓe, kuma hanya mafi sauƙi ita ce lasisin farauta mai aiki. Kafin lasisi akwai kwas na sababbin mafarauta. Na ɗauka ka gama da wannan.

Mataki na farko: rubuta naman da za ka nema, da nisan da za ka harbe shi

Ɗauki takarda ka rubuta dabbobin da da gaske za ka fita nema a shekara biyar masu zuwa. Waɗanda kake mafarki ka bar su a gefe. Ga yawancinmu amsar ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda girmanta bai wuce na maraya ba, sai wataƙila baƙin beyar, sai kuma burin zuwa tsaunukan yamma wata rana neman elk, wanda namijinsa ya kai gwanki girma ko ya ɗan fi shi. A dazuzzukan nan namu itatuwa ba sa barin ka hangi nesa. Duk barewar da na taɓa samu, babu wadda ta kai yadi 150, wasu ma a yadi 40 suka tsaya suna kallo na. Harsashin da aka yi don yadi 500 kuɗi ne da wahala za ka biya a kan abin da ba za ka yi ba.

Ɓauna da giwa ba sa cikin wannan lissafi. Wanda zai je farautar lasisi irin ta yankin Benuwe a arewacin Kamaru ya nemi .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, kuma ƙasashen Afirka da dama shi suka sa a matsayin mafi ƙanƙanta ga manyan namun masu haɗari. Wannan bindiga ce ta biyu, ta daban.

Mataki na biyu: duba dokar inda za ka yi farautar

Wannan minti goma ne a littafin dokokin farauta na jiha, amma na ga wanda ya tsallake shi ya yi asarar kuɗin bindiga. A Ohayo, maƙwabciyarmu, ba a harbin barewa da .308 ko .30-06 sam. Raifil ɗin da aka yarda da ita sai mai harsashi miƙaƙƙen kwanso marar wuya, irin .350 Legend da Winchester ya fito da shi a 2019. Ayowa ma tana da nata ƙa'idojin masu kama da haka. Kolorado ba ta yarda da ƙasa da .24 ga manyan namu ba. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019. Wanda yake Ingila, yawancin barewar can doka ta ce sai .240 zuwa sama.

Mataki na uku: fahimci abin da sunayen suke nufi

Lambar farko faɗin ƙwayar harsashi ce a inci, ko a milimita a irin su 7mm da 6.5. Sunan .30-06 yana nufin faɗi .30, shekara 1906, lokacin da sojan Amurka suka fara aiki da shi. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne, .308 Winchester na 1952, da .30-06, da .300 Winchester Magnum na 1963, duka ƙwaya mai faɗi ɗaya suke harbawa. Rami ɗaya suke hudawa a jikin dabba. Bambancinsu yawan albarushin da ke bayan ƙwayar: wajen giren 45 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne) a na farko, kusan 57 a na biyu, sama da 70 a na uku. Ƙwaya mai nauyin giren 180, wato kusan giram 12, tana fita daga .308 da gudun mita 800 a daƙiƙa, daga .30-06 wajen 820, daga magnum ɗin wajen 900.

To me wannan ƙarin gudu ya saya maka? Idan ka daidaita saiti a yadi 200, a yadi 300 bambancin faɗuwar ƙwaya tsakaninsu bai kai faɗin tafin hannu ba. Barewar da aka samu a huhu ba ta bambance su. Kafaɗarka ce take bambancewa.

Waɗanda suka cancanci ka duba su biyar ne: .308, .30-06, .270 Winchester na 1925, 7mm-08 Remington na 1980, da 6.5 Creedmoor da Hornady ya kawo a 2007. Akwai .243 Winchester, mai daɗin harbi ƙwarai, kuma ya isa barewa, amma ƙwayarsa a wajen giren 100 take tsayawa, don haka ba na sa shi cikin masu yin komai.

Mataki na huɗu: gwada haurin bindiga a kafaɗarka kafin ka biya ko sisi

A nan nake so ka zauna, domin a nan na faɗi.

Bindigata ta farko .300 Winchester Magnum ce, marar nauyi, irin wadda ake yi wa masu hawa dutse. Mai kantin ya ce mini babu dabbar da ke nahiyar nan da za ta tsaya mata, kuma gaskiya ya faɗa. Ranar farko a filin gwaji, harbi na uku, bindigar ta haure ni, bakin madubin saiti ya tsaga mini gira, jini ya sauko har cikin ido. Na goge na ci gaba. Daga ranar harsasaina suka fara sauka ƙasa da inda na auna, yau hagu gobe dama. Na zargi madubi na canza shi. Na zargi harsashi na sayi mai tsada. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Da lokacin farauta ya zo, wani namijin barewa ya fito mini da yamma a wajen yadi 70, ya ba ni gefensa sosai. Na yi bismillah na harba. Ya doka tsalle, ya ranƙwafa baya, ya shige kurmi. Jinin da na tarar a kan ganye baƙi-baƙi ne, gauraye da ciyawar da ya ci, alamar a tumbi na same shi. Na ba shi lokaci, sannan na bi sawu da tocila har bayan isha'i, na dawo da asuba na ci gaba, jinin ya ɓace mini a bakin wani rafi. Ban same shi ba. Dabba ce ta Allah na bari ta mutu cikin azaba a inda ba wanda zai ci namanta, kuma har yau idan na tuna zuciyata tana yin nauyi.

Wani dattijo a filin gwaji ne ya nuna mini ciwon. Ya karɓi bindigar, ya ce in juya baya, ya ɗura ta ya miƙo mini. Na auna, na ja kunama, sai na ji ƙas kawai, harsashin roba ya sa mini. Amma bakin bindigar ya riga ya dunguri ƙasa, idanuna biyu a runtse, kafaɗata ta tura gaba tana taryar dukan da bai zo ba. Jikina ya koyi tsoron bindigar, yana zabura kafin ƙwaya ta fita, ni kuwa ban sani ba, domin ƙara da hauri suna rufe zaburar. Wata huɗu na yi ina harbin ƙaramar .22 kafin abin ya sake ni.

Ga yadda za ka yi naka gwajin. Ari bindigogi biyu ko uku daga abokai, ko ka yi haya a filin gwaji, kai ka sayi harsashin. Sayi harsashin roba na gwaji daidai da kowace, ba su da tsada. Liƙa farantin takarda, irin wanda ake rabon abinci da shi a walima, a yadi 100, domin faɗinsa kusan faɗin huhu da zuciyar barewa ne. Kada ka tsaya a kan teburin gwaji kawai, daji babu tebur. Zauna a ƙasa, gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ko ka ɗora a kan sanda. Abokinka ya riƙa ɗura maka ɗaya-ɗaya kana juya baya, wani lokaci na gaske, wani lokaci na roba, ya kuma ɗauki bidiyon fuskarka da waya. Yi harbi goma aƙalla, domin zabura ba ta cika fitowa a biyun farko ba. Harsashin da ka sa biyar cikin biyar a faranti da shi, kuma bakin bindiga bai motsa ba sa'ad da ka faɗa kan na roba, shi ne iyakarka. Kada ka haura shi, ko wa ya ce maka za ka saba.

Toshe kunne ninki biyu, na ciki da na sama, don rabin tsoron daga ƙara yake zuwa. Bar tazarar yatsu huɗu tsakanin ido da madubi. Kuma ka sani nauyin bindiga yana shanye hauri: wadda ta kai kilo uku da rabi zuwa huɗu tare da madubi ta fi sauƙi a kafaɗa nesa ba kusa ba. Abin da ake ɗaurawa a bakin bindiga mai huji-huji yana rage hauri, amma yana ƙara ƙara har na kusa da kai ya wahala. Ni ba na sa shi, ba na kuma son zama kusa da mai shi.

A ma'auni, haurin .243 bai kai rabin na .30-06 ba, 6.5 Creedmoor da 7mm-08 suna sama da .243 kaɗan, .308 yana ƙasa da .30-06, magnum kuwa ya ɗara su duka sosai. Yawancin waɗanda na kai gwaji a .308 suke tsayawa. Masu ƙaramin jiki, da mata, da samari, 7mm-08 ko 6.5 Creedmoor nake ba su. Kada wani ya raina maka 6.5, mutanen Suwidin sun fi shekara ɗari suna kayar da dabbar da ta fi elk girma da 6.5x55, mai ƙwaya faɗi ɗaya da shi.

Mataki na biyar: leƙa kantin ƙauye

Cikin waɗanda suka ci gwajin, zaɓi wanda za ka samu a ƙaramin kantin garin da ke bakin daji ranar da ka manta akwatinka a gida. A ƙarancin harsashi na 2020 da 2021 kowa ya ji jiki, amma masu baƙin harsasai su suka fi daɗewa suna nema ruwa a jallo. Akwati ɗaya ashirin yake ɗauka, kuma sabon maharbi yana buƙatar akwati biyar ko fiye a shekarar farko. Na magnum ya fi tsada ƙwarai, shi ya sa masu shi ba sa yin atisaye. Na .308 akwai mai arha na gwaji ko'ina, saboda dangantakarsa da harsashin soja 7.62x51. Wannan ya sa idan aka tambaye ni nake cewa .308 kai tsaye. Wanda ya tabbata zai je neman elk, kuma ya ci gwajin faranti da .30-06, ya ɗauke shi. Shi ma .270 ba shi da laifi, ƙwayarsa ce dai ba ta cika wuce giren 150 ba.

Sauran aiki

Ƙwaya ta farauta za ka saya, mai buɗewa idan ta shiga nama. Mai rufaffen kai irin ta soja ta atisaye ce kawai, tana ratsa dabba ta wuce ba ta kashe ta da wuri, kuma dokar yawancin jihohi ta hana farautar manyan namu da ita. A .308 ko .30-06, giren 150 ya isa barewa, 165 yana yin komai, 180 na elk ne da beyar. Core-Lokt na Remington mai arha ya ishe ka barewa. Ga babban nama nemi Nosler Partition ko ta jan ƙarfe zalla irin ta Barnes, wadda kuma ba ta barin ɓurɓushin dalma a naman da yara za su ci.

Gwada iri biyu ko uku, wadda bindigarka ta fi tara wa wuri ɗaya ka sayi akwatuna da yawa lokaci guda. Daidaita saiti ƙwaya ta sauka inci biyu sama da tsakiya a yadi 100, hakan zai sa ta zauna daidai a wajen yadi 200. Duk sanda ka canza iri ko nauyi, sake daidaitawa.

Karanta sunan da aka zana a jikin bututun bindiga ka gwada da na gindin kwanso kowane lokaci. Akwai harsasai da yawa masu suna .300 da ba sa musanya da juna, kuma .308 yana iya shiga bindigar .270 ya fasa ta a hannunka. Kada ka haɗa iri biyu a aljihu ɗaya. Wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka: ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, idan ka isa ka tarar da sauran rai a jikinta ka yanka nan take.