Yadda ake tara tsofaffin kwabbai na jan ƙarfe da gane darajarsu a Damagaram

Kwabon farko da na ɓata na kakata ne. A ƙasan adudunta na same shi a gidanmu na Birni, ɗaure cikin tsumma tare da wuri da ƴan tsakiyoyi, ya yi baƙi ƙirin. Na samu lemun tsami da toka na dirje shi har ya yi ja wur, na kai wa wani dattijo mai sayar da kayan da a Zango ina taƙama. Ya juya shi sau biyu ya miƙo mini. "Ɗana, wa ya aike ka? Shekara ɗari ka wanke masa da hannunka." Na ce, "Baba, ai gyara shi na yi." Ya ce shi bai sayen gyararre.

To, matakin farko ke nan: kome ka samu, kada ka goge. Wannan duhun da ke jikin kwabo shi masu saye ke nema, don shi ne shaidar ba a taɓa shi ba. In ƙasa ce ta maƙale, ruwa mai tsabta ya isa, ka tsane da tattausan ƙyalle ba tare da dirza ba. Ban da tsamiya, ban da kanwa, ban da soson ƙarfe.

Sai ka san abin da ke yawo a ƙasarmu. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, sai kuma dalar azurfa mai kan Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, garin kuma ya zama hedkwatar mulkinsu har 1926, kafin a mai da ita Yamai. Sefa ba ta zo ba sai 1945, kafin nan da kuɗin Faransa ake aiki. Cikin na jan ƙarfensu akwai santim 5 da santim 10: akwai mai kan Napoleyon na uku, sarkin Faransa, da gaggafa a baya, akwai mai kan mace da zangarniyar alkama wanda aka fara a 1870, sai na ƙarshe da aka buga daga 1898 zuwa 1921.

Ta kudu kuma, ta Magarya da Matamai, fatake sun yi ta shigo da kuɗin Ingila daga Kano da Daura: anini, ɗari, kwabo, duk masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Abin dariya, sunan kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe ya fito, amma kwabon da aka fara bugawa a 1907 fari ne, don an gauraya shi da nikel. Jajayen sai 1952 suka fito, sannan na Tarayyar Najeriya na 1959. In wani ya nuna maka jan kwabo mai huda ya rantse tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu yake, kafin zuwan Faransawa, ka yi murmushi ka wuce.

Wajen nema, fara da gida. Tambayi tsofaffi, duba gwangwanayen da ake zuba maɓallai da tsofaffin mabuɗai. Bayan nan ka zagaya Kasuwar Dole ranar Alhamis wajen ƴan koli da masu tsofaffin ƙarafa, ka kuma saba da maƙeran fari, don su ake kai wa irin waɗannan a narkar. Na sha ceto kwabo daga bakin wuta.

In ya zo hannunka, kama shi ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarsa. Fita da shi hasken safe, ka sa gilashin ƙara girma irin na masu gyaran salula. Shekara za ka fara karantawa, sannan ka nemi ɗan harafin da ke nuna gidan da aka buga shi. A na Faransa, A na nufin Paris, K Bordo, BB Istirasbur. A na Ingila za ka ga H ko KN, duka gidaje ne na Birmingham. Kwabo biyu masu shekara ɗaya kan bambanta a farashi saboda wannan harafin kaɗai. Kuma shekara ma takan yi ƙarya: dalar Mariya Tereza da ke hannun mutane 1780 take ɗauke da ita, alhali an yi ta buga ta da wannan lambar har ƙarni na 20.

Daga nan sai awo. Santim 10 giram 10 ne, faɗinsa milimita 30; santim 5 giram 5, milimita 25. Roƙi maƙerin zinariya ya ɗora maka a sikelinsa. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, wannan ba laifi. Kusanta masa mayen ƙarfe: in ya kama, ba tagulla ba ce. Na jabu kuma, wanda aka yi da zubi, za ka ga ƙananan ramuka a jikinsa kamar zanzana, da layin haɗi a gefe.

Inda aikin yake shi ne duba cinyewa. Wurin da ya fi tudu shi ke fara shafewa. A kan Napoleyon, dubi gashin da ke saman kunne da gemu, ka juya ka dubi gashin ƙirjin gaggafa. A mai kan mace, ƙirga ƙwayoyin alkamar: in kana rarrabe su ɗaya-ɗaya, ka yi sa'a. Faransawa suna da matakai na auna lafiyar kwabo, daga ƙasa zuwa sama: B, TB, TTB, SUP, SPL, FDC. Kada B ta ruɗe ka. Ma'anarta "mai kyau", amma ita ake ba wanda ya cinye har rubutunsa da ƙyar ake karantawa. TTB shi ne wanda ya yi yawo amma zanensa na nan sarai. FDC kuwa bai taɓa shiga kasuwa ba, kuma ni dai ban taɓa cin karo da shi a garin nan ba. Shawarata, duk matakin da zuciyarka ta ba kwabonka, sauke shi ɗaya, don mai abu ba ya ganin aibinsa.

Aibobi uku ke karya farashi nan take: gugar da na yi, huda da aka yi da ƙusa don a rataya wa yaro ko a saƙa a kitso, da wani koren gari mai kama da kuka da ke fesowa a jiki. Wannan koren ciwo ne, yana cin ƙarfen. Ware mai shi daga sauran.

Farashi fa? Tsufa kaɗai ba ya kawo kuɗi. An buga yawancin waɗannan da miliyoyi, cinyayye bai wuce kuɗin shayi da burodi ba. Ko kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba, yana da yawa. Abin da ke tsada shi ne wanda aka buga kaɗan, kamar santim 5 na 1921, in kuma ya zo da lafiyarsa. Shiga Numista, shafin masu tara kwabbai a intanet, ka ga adadin da aka buga, sannan ka duba a eBay, kasuwar intanet, nawa aka saya, ba nawa aka yi talla ba. Mai cewa yana da Bature a Kano da zai biya miliyoyi, amma ka fara ba da kuɗin mota, ka san ko wane ne.

Ajiya kuma, kowane kwabo da ƴar ambulan ɗinsa ta takarda, ka rubuta shekara da harafi da inda ka samo shi. Kada ka zuba su a jakar fata kome kyan aikin dukawanmu, don bagaruwar jima na cin jan ƙarfe, leda mai laushi kuma tana sa shi kore. Da damina ka riƙa buɗe akwatin kana dubawa. Na kakata yana nan a ambulan ta farko, santim 10 na 1856 mai harafin K. Shekaru sun ja, ya ɗan fara komawa duhu, amma ƙarƙashin gilashi sawun tokar na nan layi-layi a kumatun Napoleyon.