Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mota a Hanyoyin Rairayi na Ƙasar Daura

Hoton da aka ɗauka daga cikin mota ta taga ba ya nuna komai sai jeji a karkace. In kana son hoton Hilux ko Land Cruiser tana kokawa da rairayi a hanyoyin ƙauyukan Sandamu, Zango ko Baure, dole ka sauka ka riga motar yin gaba da ƙafa.

Da farko ka daidaita da direba tun kafin a tashi. Ku yarda a kan alamar hannu ta "taho" da ta "tsaya", domin in injin ya ɗauki ƙara ba zai ji muryarka ba.

Sai lokaci. Daga hantsi zuwa azahar rana na wanke launin ƙasa, hoto ya fito fari fat. Ka yi aikinka da sassafe ko bayan la'asar. A nan ne ƙura ke zama abokiyar aiki: ka tsaya yadda rana za ta kasance a bayan motar, ɗan gefe kaɗan, sai ƙurar da tayoyi ke tayarwa ta yi ja kamar garwashi. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo na cinye abin da ke nesa, don haka ka matso kusa, ka manta da faɗin fili.

Na uku, ka durƙusa. Gangaren da ya sa fasinjoji salati, in ka ɗauke shi a tsaye, sai ya fito a shimfiɗe. Ka sauke kyamara daidai gwiwa, ka bar wata bishiyar gawo ko goriba a cikin hoton a miƙe, ita za ta nuna yadda motar ta karkata. Ka jira daidai lokacin da taya ɗaya ta ɗaga sama ko ta watso yashi.

Mai babbar kyamara ya sa saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da idon kyamara ke buɗe, a 1/1000 na daƙiƙa don yashin ya tsaya cak a iska. In kuma gudu kake son nunawa, ka sauko zuwa 1/60 ka bi motar da kyamara yayin da take wucewa. Mai waya ya yi amfani da ɗauka a jere, kuma ya bar zuƙowa da yatsu, hoto kawai take ɓatawa.

Kada ka canza gilashin kyamara a fili. Ka hure ƙura kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce shi. Kada kuma ka bar waya a kan dashbod ɗin mota cikin rana.

In mota ta kafe ana jan ta, ka nisanci igiyar, tsinkewarta na iya kisa. Kar ka tsaya a ƙasan gangare.

Idan kun shiga ƙauye, a fara gaida mai unguwa, kuma ba a ɗaukar mata a bakin rijiya sai da izini. Wajen Kongolam da Mai'adua kuwa kan iyaka ne, da ka hango shingen jami'an tsaro ko na kwastam, mayar da kyamara jaka.